Taya, tsirkiya da tikiti: muhawarar masu kallon tseren mota da tanis

Ɗan_Kallo: Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyi biyu ne, masana a taimaka. Ta farko: yaya ake yi direban Formula 1 da ke kan gaba da tazarar daƙiƙa 3 ya shiga gareji a sauya masa taya, ya fito ya tarar na bayansa ya koma gabansa, alhali ba wanda ya wuce shi a kan hanya? Ta biyu: me ke sa ɗan wasan tanis ya gagari kowa a gasar Roland Garros ta Faris, bayan mako 3 ya isa gasar Wimbledon ta Landan a yi waje da shi tun zagayen farko? In da hali kuma a ƙara mana da yadda mutum zai haɗa tafiya ɗaya ya kalli duka biyun da idonsa.

Bakanike: Wa alaikumus salam, Malam Ɗan_Kallo. Bari in ɗauki ta farko, ita ce a fagena. Abin da ka gani shi ake ce wa andakat, kuma lissafi ne zalla. Tayar tsere tana rasa kama ƙasa da kowane zagaye. Ka ɗauka na gaba da na baya duka suna kan tayar da ta yi zagaye 20. Na baya ya riga shiga, aka sa masa sabuwa. A ce sabuwar ta fi tsohuwar sauri da daƙiƙa 1.8 a zagaye. In na gaba ya yi jinkirin zagaye 2 kafin ya shiga, an ci masa daƙiƙa 3.6 ke nan, shi kuwa tazararsa 3 ce kawai. Kowannensu zai yi asarar lokaci iri ɗaya a layin gareji, to da ya fito sai ya ga bayan motar abokin hamayyarsa. Ba a wuce shi a kwana ba, a agogo aka wuce shi.

Tsayuwar kanta ba ta da yawa. Kanikawa kusan 20 ne ke kan mota, 3 a kowace taya: mai bindigar kwance noti, mai cire tsohuwa, mai sa sabuwa. Ga masu jak gaba da baya. Aiki mai kyau daƙiƙa 2 zuwa 2.5 ne, ƙungiyar McLaren ma ta yi 1.80 a Katar a 2023. Abin da ke cin lokaci shi ne layin garejin, domin an ƙayyade gudu a cikinsa, kilomita 80 a awa a yawancin filaye, 60 a Monako. In ka haɗa shiga da tsayuwa da fita, asarar takan kai daƙiƙa 20 zuwa 25.

Injiniya: Bakanike ya faɗi daidai, amma a gaya wa mai tambaya inda dabarar ke rushewa, don kada ya ɗauka kullum tana ci. Hanya uku ce. Ta farko cunkoso: ka shiga da wuri, ka fito bayan mota mai nawa wadda ba ta shiga ba tukuna, sabuwar tayarka ta ƙare a bin bayanta. Shi ya sa kafin a kira direba sai an duba inda zai faɗo, wato wa ke daƙiƙa 22 a bayansa yanzu. Ta biyu ɗumin taya. Ana naɗe tayoyin cikin bargon lantarki a gareji, wajen digiri 70, amma tayar tana son fiye da haka kafin ta kama sosai. Mai tauri kan ɗauki zagaye 1 ko 2 kafin ta farka, musamman ranar da kwalta ta yi sanyi. A irin wannan ranar wanda ya tsaya a waje shi ke cin riba, ya zuba zagaye biyu masu zafi a hanyar da ta buɗe masa, sannan ya shiga. Ta uku noti. Noti ɗaya tal ne a tsakiyar kowace taya, in bindiga ta kama shi a karkace sai ta cinye haƙoransa. Haka ta faru da Valtteri Bottas a Monako a 2021, yana na biyu, noti ya ƙi fita, tseren ya ƙare masa a gareji.

Ɗan_Kallo: To Injiniya, me zai hana a sa mai tauri tun farko a tafi har ƙarshe, a huta?

Injiniya: Doka ce ta hana, ƙanena. In hanya a bushe take, dole kowane direba ya yi amfani da aƙalla nau'i biyu daban na taya, saboda haka tsayuwa ɗaya ba makawa. Launin da ke gefen taya shi ke gaya maka nau'in: ja mai taushi, rawaya matsakaiciya, fara mai tauri. Kore ta yayyafi ce, shuɗiya ta ruwa mai ƙarfi. Sai dai ka lura, launin ba ya nufin roba iri ɗaya a ko'ina. Pirelli, wanda shi kaɗai ke ba da taya tun 2011, yana da jeri daga C1 mafi tauri zuwa masu taushi, sai ya zaɓi 3 ga kowane fili. Jar Monako da jar Silverstone, filin tsere na Ingila, ba uwa ɗaya ba uba ɗaya. Kuma tun 2010 aka hana ƙara mai a tsakiyar tsere, to mota tana tashi da nauyin man tafiyar kilomita 305 gaba ɗaya, tana sauƙi a hankali. Shi ya sa zagaye mafi sauri yakan zo can kusa da ƙarshe.

Bakanike: Akwai kuma cututtukan taya da mai sharhi ke ambata mai kallo bai san bambancinsu ba. Ɗaya tana zuwa daga sanyi: saman roba yana zamewa a kan kwalta alhali cikinta bai ɗumama ba, sai ya yage ƙanana-ƙanana ya dunƙule a fuskar tayar. Za ka ga baƙin layi mai kaushi a tayar gaba, mota ta ƙi shan kwana. Wannan takan warke in direba ya lallaɓa na 'yan zagaye. Ɗayar daga zafi take: cikin roba ya tafasa, ya kumbura, ɓangare ya ɓalle ya bar rami. Ita ba ta warkewa. Ta uku laifin ƙafar direba ce. Motocin nan ba su da na'urar hana birki kullewa, in ya taka fiye da kima taya ta tsaya cak tana jan ƙasa, sai ka ga farin hayaƙi. Wurin ya shafe ya zama fale-fale, daga nan sitiyari na karkarwa har sai an sauya.

Wanda ke ganin ana zuzuta maganar taya ya tuna Silverstone a 2020. Tayar gaba ta hagu ta fashe wa Bottas, da Carlos Sainz, da Lewis Hamilton a zagayen ƙarshe-ƙarshe, Hamilton ya ja mota a kan taya 3 ya ci tseren. Dalilin da ya sa ta hagu ce: filin yana zagayawa ta dama, kwanoninsa masu gudu ne, nauyin mota duk a kanta yake sauka. A Katar a 2023 kuwa gefen hanya ne ke yanka tayoyi, har aka ƙayyade cewa kada saiti ɗaya ya wuce zagaye 18.

Mai_Shakka: Ni fa duk wannan bayani bai gamsar da ni ba. A ƙarshe dai mota mafi kyau ke ci. Ƙungiyar Red Bull ta ci tsere 21 cikin 22 a 2023. Ina taya, ina dabara? Tanis ta fi gaskiya, mutum da mutum ne, raket kowa na iya saya.

Injiniya: Malam Mai_Shakka, rabin maganarka gaskiya ce, ba wanda zai musa cewa mota ce gaba. Amma ka tambayi kanka me ya sa motar ta fi. Babban ɓangare na fifikonta a shekarar shi ne ba ta cin tayar baya kamar sauran, shi ya sa tazararta ranar Lahadi ta tsere ta fi ta ranar Asabar ta neman gurbin tashi nisa. Sannan kallon na ɗaya kaɗai shi ke kawo gundura. Maki na sauka har kan na goma, 25 ga na farko, 1 ga na goma, kuma matsayin ƙungiya a ƙarshen shekara shi ke yanke rabonta na kuɗi. Faɗan na bakwai da na takwas sau da yawa ya fi na gaba zafi. Ka bar kallon hoton mota, ka riƙa duba jerin tazarar da ke gefen allo, da shekarun tayar kowa. Nan tseren yake.

Kuma akwai abin da ke wargaza lissafin kowa: motar kiyaye haɗari. In ta fito kowa ya rage gudu, to wanda ya shiga gareji a lokacin asararsa takan ragu kusan rabi, tunda na waje ma tafiyar hawainiya suke. Wanda ya sauya taya zagaye ɗaya kafin ta fito, shi kam ya yi asara ba laifinsa.

Mai_Raket: Tunda an ce tanis mutum da mutum ne, a bar ni in shigo, don amsar tambaya ta biyu tana rushe wannan magana. Girman fili ɗaya ne a ko'ina: tsawo mita 23.77, faɗi 8.23 in mutum ɗaya-ɗaya ne, raga santimita 91.4 a tsakiya. Abin da ke ƙarƙashin ƙafa ne ya bambanta, kuma shi ke sauya wasan gaba ɗaya.

Jar ƙasar Roland Garros garin jan bulo ne, kaurin milimita 2 ko kusa da haka, a kan dakakken farin dutse. In ƙwallo ta sauka sai ta nutse cikin garin, ya riƙe ta, gudunta ya ragu, ta yi tsalle sama. Mai murɗa ƙwallo da juyin gaba nan ne gidansa, don ƙwallonsa kan tashi har kafaɗa, inda hannu ba shi da ƙarfi. Rafael Nadal da hannun hagu ya riƙa bugawa, bugunsa na juyi yana tafiya kai tsaye zuwa bayan hannun na-dama, can sama. Kofi 14 ya ɗauka a wurin. Sabis mai ƙarfi kuwa ƙasar tana shanye shi, mai karɓa ya ja baya mita 3 ko 4 ya mayar.

Ciyawar Wimbledon ana yanke ta milimita 8. Ƙwallo ba ta kamawa, sulɓewa take ta taho ƙasa-ƙasa, wajen gwiwa. Mai dogon zagayen hannu kafin bugu ba ya samun lokaci. Sabis da yankan ƙwallo su ke mulki, kuma dole a durƙusa sosai. Tafiyar ƙafa ma daban ce: a jar ƙasa ana zamewa ne a isa ƙwallo, a ciyawa kuwa gajerun taku ake yi, wanda ya ce zai zame a makon farko lokacin ciyawa na da danshi, ƙasa zai sha. Takalmi ma ba ɗaya ba, na jar ƙasa zanen ƙasansa zigzag ne don kada gari ya toshe shi, na ciyawa ƙananan ƙuraje ne. Mako 3 kacal ke tsakanin gasar biyu, shi ya sa waɗanda suka haɗa su a shekara ɗaya 'yan kaɗan ne, irin su Björn Borg, da Nadal, da Roger Federer, da Novak Djokovic, da Carlos Alcaraz a 2024.

Hajiya_Koci: Mai_Raket, ka manta yanayi. Jar ƙasa ɗaya takan zama fili biyu a rana ɗaya. Da rana tsaka in ta bushe ƙwallo na tashi tana gudu. Da dare in raɓa ta sauka sai ƙwallo ta sha danshi da gari ta yi nauyi, ta ƙi tashi. A Madrid kuma, da yake birnin na kan tudu sama da mita 600, iska ba ta da kauri, ƙwallo na wuce inda aka aike ta. Ciyawa ita ma tana tsufa: zuwa mako na biyu bayan layin ƙarshe ya zama ƙasa tsura, wasan ya ɗan koma na masu tsayawa baya.

Ga wani abu da mai kallo zai riƙa lura da shi, shi ne daidai da sauya taya a wajenmu. Ana kawo sababbin ƙwallaye bayan gem 7 na farko (gem shi ne ƙaramin kashin wasa da mutum ɗaya ke yin sabis a cikinsa), sannan duk bayan gem 9. Na farkon ya gajarta ne saboda ɗumin jiki da aka yi da su. Sabuwar ƙwallo gashinta a kwance yake, tana tsaga iska da sauri, to mai sabis a wannan gem ɗin ya samu garaɓasa. Shi ya sa kake ganin ɗan wasa ya karɓi 3 ko 4 yana jujjuyawa: mai santsi yake nema don sabis na farko, mai gashi ya ajiye don na biyu, tunda ta fi karɓar juyi. Da yawa kuma a daidai lokacin suke zuwa jaka su ɗauko sabon raket.

Mai_Shakka: Hajiya, raket ɗin ba iri ɗaya ba ne? Me sabon zai ƙara?

Hajiya_Koci: Jikin raket ɗin ɗaya ne, tsirkiyar ce ta saki. Kuma wannan ya shafi duk mai bugawa, ba ƙwararru kaɗai ba, bari in ɗan zauna a kai. Tsirkiya iri huɗu ce. Ta hanjin saniya ita ce mafi taushi, tana riƙe ɗaurinta, tana tausaya wa hannu, amma tana da tsada kuma ba ta son ruwa. Ta nailan mai zuciya ɗaya ita ce ta kowa da kowa. Akwai mai zare-zare da yawa da aka murɗe, tana kwaikwayon ta hanji. Sai foliyesta, mai tauri, wadda ta sauya wasan tun da Gustavo Kuerten ya ci Roland Garros da ita a 1997. Sirrinta santsi: in an bugi ƙwallo tsirkiyoyin tsaye sukan goce gefe su dawo da ƙarfi, su ƙara juyi, sai ɗan wasa ya saki hannu iya ƙarfinsa ƙwallo ta faɗo cikin fili.

Inda ake kuskure: sabon shiga ya ga gwarzonsa na amfani da foliyesta, ya sa a ɗaure masa kilo 26. Hannunsa ba shi da saurin da zai sa ta goce, to ba juyi, sai jijjiga kawai tana hawa gwiwar hannu. Bayan 'yan watanni ciwo ya kama. Ga mai koyo: nailan ko mai zare-zare, kauri milimita 1.30, ɗauri kilo 23 zuwa 25. In dole sai foliyesta, a rage kusan kashi 10 cikin 100 daga abin da aka saba, ko a haɗa ta da mai taushi, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Federer haka ya yi, hanji a tsaye, foliyesta a kwance. Ƙa'idar ɗauri kuwa: sassauci na ƙara nisa, tsauri na ƙara iko. Ranar zafi ko a kan tudu a ƙara kilo 1.

Foliyesta kuma mutuwa take ba tare da ta tsinke ba. In ka ga tsirkiyoyi sun goce sun ƙi komawa sai ka gyara da yatsa, ta gama aiki, a yanke. In guda ta tsinke, a yanke sauran nan take daga tsakiya zuwa gefe, in ba haka ba ɗaurin da ya rage zai karkatar da kan raket. Kada kuma a bar raket cikin mota a rana.

Mai_Raket: Ƙari kaɗan a kan na Hajiya: nauyin raket na mai koyo giram 270 zuwa 300 ba tsirkiya, kuma in ka riƙe mariƙin ya kamata ɗan alin ɗaya hannun ya shiga tsakanin yatsunka da tafin hannu. In ana shakka a ɗauki ƙarami, ana iya ƙara naɗi, babba ba ya raguwa.

Matafiyi: To mu zo kan tafiya, don kalanda ta yi wa mai son abubuwan nan gata. Daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli komai na kusa da juna. Roland Garros a Faris daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni. Tseren Monako, wanda aka mayar farkon Yuni daga 2026. Tseren awa 24 na Le Mans a tsakiyar Yuni. Sai a tsallaka Ingila, Wimbledon daga ƙarshen Yuni, Silverstone a Yuli. Wani lokaci ma karo suke: ranar 14 ga Yuli 2019 Hamilton na cin Silverstone, Djokovic da Federer na fafatawar kusan awa 5 a wasan ƙarshe na Wimbledon. A duba ranaku kafin a sayi komai.

Biza ce farkon abin da ke kayar da mutane. Ga wanda fasfonsa ke buƙata, biza biyu ce daban. Ta Shengen ta ishe ka Faransa, da Monako, da Italiya, da Beljiyam. Ingila ba ta ciki, tata daban. Ta Shengen ana nema a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa, ana iya shigar da takardu tun wata 6 kafin tafiya, ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, kuma fasfo ya kasance da sauran wata 3 bayan ranar fita. Ta Ingila wata 3 kafin tafiya ake fara nema. Tunda kowanne na iya riƙe fasfo, a jera su, kada a haɗa lokaci guda. In za ka koma Faris ka hau jirgin gida bayan Landan, to ka tabbata bizar Shengen ɗinka mai shiga fiye da sau ɗaya ce. Wannan kaɗai ya isa ya ɓata tafiya.

Jirgin ƙasa na Eurostar daga tashar Gare du Nord ta Faris zuwa St Pancras ta Landan awa 2 da 'yan mintuna ne, kuma tun a Faris ake duba fasfo, to a je da wuri. Monako ba a kwana cikinta sai mai hali, a sauka a Nice a hau jirgin ƙasa, ƙasa da rabin awa. Le Mans kusan awa 1 ce daga tashar Montparnasse ta Faris. Roland Garros layin metro na 10, a sauka Porte d'Auteuil. Wimbledon kuwa tashar Southfields ta fi kusa da filin fiye da tashar da ke ɗauke da sunan. Silverstone ba ta da tashar jirgi ko kaɗan, sai bas daga garuruwan kusa irin su Milton Keynes da Northampton, kuma fitar yamma cunkoso ne na gaske.

Ɗan_Kallo: Allah ya saka, Yaya Matafiyi. Tikiti fa? Kuma wace kujera?

Matafiyi: Na Roland Garros a manhajar gasar kaɗai yake, da sunan mai shi, kada a saya a hannun 'yan bakin ƙofa. Wimbledon na da ƙuri'a da ake shiga tun shekarar da ta gabata, amma tana da layin nan nata da ya yi suna: ka je filin shaƙatawa na Wimbledon Park, a ba ka kati mai lamba, ka jira. Kimanin tikiti 500 ake warewa kowace rana ga kowanne cikin manyan filaye uku, ban da kwanaki 4 na ƙarshe a babban filin, kuma masu kwana a tanti ke samunsu. Wanda ya zo da asuba yakan samu na shiga harabar.

Shawarata kuma, na harabar ya fi daɗi a makon farko. A ƙananan filaye kana zaune mita kaɗan daga 'yan wasa, kana jin ƙarar tsirkiya, kana ganin yadda ƙwallo ke lanƙwasa a iska, abin da kyamara ke ɓoyewa. In da zaɓi a zauna bayan fili, ba gefe ba. Daga gefe wuya ke gajiya, daga baya dabara ke fitowa.

Bakanike: A tsere kuma kada a ruɗu da kujerar layin tashi. Tana da tsada, kana ganin gareji da tashi, amma bayan nan motoci wucewa kawai suke kamar walƙiya. A nemi ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya inda ake taka birki, kamar kwanar farko ta Monza a Italiya, nan ake wuce juna, nan ake kulle taya. Kuma lallai kujerar ta fuskanci babban allo. A faɗi gaskiya, wanda ke gida gaban talabijin ya fi na fili sanin abin da ke faruwa. Na fili abin da ya samu shi ne gudu da ƙara da warin roba, da ganin yadda mota ke faɗowa daga sama da kilomita 300 a awa zuwa ƙasa da 100 cikin tazarar da ba ta kai tsawon fili biyu na ƙwallon ƙafa ba. A tafi da abin toshe kunne, musamman ga yara, da ƙaramar rediyo mai abin sawa a kunne, don intanet kan cushe in mutum dubu ɗari sun taru. Monako kyan gani ne, amma wuce juna ya yi ƙaranci, ranar Asabar ta neman gurbi ita ce ainihin wasan. Mai son tsere na gaske ya nufi Spa ta Beljiyam ko Silverstone, da rigar ruwa a jaka. A Spa a 2021 jama'a sun yini cikin ruwa, aka yi 'yan zagaye bayan motar kiyaye haɗari aka tashi.

Malamar_Adabi: Duk kun yi maganar kallo, ba wanda ya yi maganar jira, alhali jira ya fi kallon yawa. Layin Wimbledon awowi ne. Ruwa in ya sauko ƙananan filaye ba rufi, babban filin Wimbledon ya samu nasa a 2009, Philippe-Chatrier, babban filin Roland Garros, a 2020. A tsere kuwa tsakanin gwaji da gwaji akwai awa biyu ko uku. Nan littafin labari ke shigowa, kuma zaɓensa ma da ƙa'ida. Na layi da na jiran ruwa ya zama mai gajerun babi da 'yan wasa kaɗan, labarin bincike ko na barkwanci, wanda za ka rufe a tsakiyar shafi in layi ya motsa ba ka ɓata ba. Mai kauri, mai zuri'a uku da sunaye hamsin, a bar wa jirgin sama da na ƙasa.

Kada a karanta a waya. Tikitinka na cikinta, taswira na cikinta, kuma hasken rana na tilasta mata cin batir. Na'urar karatu mai allon tawada ta fi: rana ba ta dame ta, caji ɗaya na yin makonni, sai dai a sauke littattafan tun a masauki. Na takarda ƙarami shi ma ya yi, a sa shi cikin leda mai zif saboda ruwa. Filayen nan suna ƙayyade girman jaka, to littafi ɗaya, ba uku ba.

Mai_Shakka: Malama, a Le Mans fa? Awa 24 ai sai a gama littafi biyu.

Injiniya: A'a, nan kam ka ajiye littafin da dare. Zagayen kilomita 13.6 ne, direba 3 ke karɓa-karɓa a mota ɗaya, kuma ajin motoci daban-daban ke gudu tare, masu sauri na ratsa masu nawa cikin duhu. Tikitin shiga na ba ka damar yawo, to ka tafi kwanar Mulsanne ko Arnage bayan tsakar dare, ka ga faifan birki na yin ja kamar garwashi. Wajen asuba iska ta yi sanyi, injin na shaƙa da kyau, kwalta ta sha roba, lokacin ne ake zuba zagaye masu sauri, lokacin ne kuma gajiya ke sa direbobi kuskure. A tafi da rigar sanyi mai kauri da tocila, don Yuni ne amma daren wurin da sanyi.

Matafiyi: Abin cajin waya na tafi-da-gidanka kuma a jakar hannu ake sa shi a jirgi, ba cikin akwatin da za a auna ba, kuma kada ƙarfin batirinsa ya wuce 100Wh. Soket ɗin Faransa da na Ingila ba iri ɗaya ba ne, a sayi adafta tun kafin a tsallaka.